Yadda Hannun Yaya Asabe Ya Koma Riƙe Kwarashi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya jarrabe mu da ciwo amma bai raba mu da mutane ba. Sunana Rakiya. Na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a wata makarantar kwana kafin in ajiye aiki, don haka na saba da a yi komai a kan lokacinsa. Haka zan kawo wannan labari, abin da ya fara faruwa shi zan fara faɗa. Na rubuta shi saboda duk gidan da ke da mai hawan jini, da duk wanda Allah ya ɗora wa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki.

Mai ciwon yayata ce, Yaya Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya. Mazajenmu duka sun rasu, muna zaune tare a gidan mahaifinmu a cikin birnin Zazzau, a wani lungu kusa da Ƙofar Kuyambana. Ɗanta namiji ɗaya ne, Nasiru, yana aiki a Kaduna. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu, duk nesa.

Kowace Talata da Asabar, daga azahar zuwa gab da magariba, mata kan taru a rumfar tsakar gidanmu suna saƙa. Wasu da kwarashi, wasu da tsinkaye biyu. Hulunan jarirai, safa, shawul, suwaita. Ba ƙungiya ba ce, ba su da suna, ba su da shugaba a faɗe, amma kowa ya san Yaya ce babba. Ita ta koya wa yawancinsu, kuma ba ta da sassauci. Idan ta karɓi aikin mace ta ga kuskure a ƙasa, sai ta ja zaren ta warware har wurin, ta miƙa mata tarin ulu ta ce, "Sake." A cikinsu biyu ne suka fi kusa da ita: Hajiya Mairo, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa a gida, wadda ake jin muryarta tun daga zaure, da Malama Ladi, tsohuwar malamar firamare, Kirista daga Wusasa, wadda suka yi aji ɗaya da Yaya tun suna yara.

Ni ba na saƙa. A ganina a lokacin, zama ne na surutu, kuma ni ke share guntayen zare bayan sun watse.

Makon farko

Kafin abin ya faru akwai alamu. Ta yi ta kukan ciwon kai ta ƙeya, ta kuma daina shan maganin hawan jininta, wai ta ji sauƙi. Wannan shi ne gargaɗina na farko: ba a ajiye wannan magani don an ji sauƙi.

Wata safiya cikin damina muna shan koko, kofi ya suɓuce daga hannunta na dama. Na ɗaga kai don in yi magana, sai na ga bakinta ya karkace gefe guda, tana son kiran sunana ya ƙi fita. Na yi salati na fita neman taimako. Kafin in dawo gida ya cika. Wata ta ce iska ce ta buge ta, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wani ya ce a jira malam ya dawo daga makaranta. Na ce addu'a za mu yi ta a hanya, amma asibiti za mu yanzu.

Keke-napep ba ya shiga lungunmu, ga taɓo ko'ina. A kan kujerar roba maza suka ɗauke ta har bakin titi. Hajiya Mairo na gaba tana korar mutane, gyalenta a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na jikanta.

A asibiti aka ce sai an buɗe kati. Mai buɗe katin ya fita. Da ya dawo aka ce mu je mu biya a wani gini, aka dawo da mu wai takardar ba ta da hatimi. Duk wannan Yaya na kwance a kan benci. Ban manta wannan ba, kuma ban yafe wa tsarin ba. Amma likitan da ya fara ganinta, wani matashi siriri, Allah ya saka masa. Ya duba idonta, ya ɗaga hannunta ya sake shi ya faɗi kamar tsumma, ya ce, "Mama, gara da kuka kawo ta da wuri. Irin wannan ciwo da lokaci ake tsere." Aka yi hoton kai, wanda kuɗinsa ya sa na cire 'yan kunnena na ba da jingina kafin Nasiru ya iso da yamma ya karɓi nauyin komai.

Mako na biyu

Aka ba mu gado a ɗakin mata. Aikin mai jinya a nan shi ne: a juya ta duk bayan ɗan lokaci kada bayanta ya yi gyambo, a ba ta kunu da ƙaramin cokali tana zaune kada ta shaƙe, a wanke ta, a shafa mata mai. Ruwan famfo kan ɗauke, sai an sauka ƙasa da bokiti. Nas-nas ɗin ba su da yawa, marasa lafiya sun fi ƙarfinsu. Akwai mai tsawa a cikinsu, akwai kuma wadda ta koya mini yadda zan ɗaga Yaya ba tare da na ja kafaɗar da ta mutu ba. Wannan ma gargaɗi ne: kada a ja mai wannan ciwo ta hannun da ya shanye.

Dangi sun zo dubiya, kowa da shawararsa. Wani kawunmu ya ce a yi mata ƙaho a ƙeya. Wata ta kawo saiwa a jiƙa. Wata ta ce akwai mai magani a wani ƙauye da ya taɓa tayar da wanda ya shekara a kwance. Na karɓi rubutu da zuma, sauran na ce a bari sai likita ya ji. Wasu sun yi fushi. Suna zuwa su zauna kaɗan, su ce Allah ya sawwaƙe, su tafi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da hidimarsa.

Waɗanda ba su tafi ba su ne matan saƙa. Ban roƙe su ba. Su da kansu suka raba ranaku, yau wannan ta kawo faten tsaki, gobe waccan ta zo ta karɓe ni in je gida in yi wanka in ɗan kwanta. Ba a barin mutane da yawa a ciki, sai suka mai da dogon bencin baranda wurin zamansu, kowace da jakar ulunta. Malama Ladi ta lura yatsun Yaya suna naɗewa suna shiga tafin hannu, sai ta saƙa wani ɗan dunƙule mai laushi ta sa mata a ciki. Ƙafar dama kullum sanyi ƙalau, washegari sai ga safa mai kauri.

Nas ɗin nan mai tsawa ta fito ta ce, "Nan ba kasuwa ba ce, ku tattara."

Hajiya Mairo ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "'Yar nan, cikin nan naki wata nawa?"

Nas ta yi turus. "Ina ruwanki?"

"Ruwana hula. Cikin damina za ki haihu ko bayanta? In san kaurin zaren."

Kafin a sallame mu, nas ɗin ta zaɓi ruwan ɗorawa. Matan da ke jinyar 'yan uwansu a sauran gadaje kuwa, waɗanda da sai dai su zauna su yi tagumi, sun fara matsowa bencin. Wata Bafulatana da ke jinyar uwarta ta koyi yin sarƙar da ake fara saƙa da ita a nan, Malama Ladi ta bar mata kwarashi ɗaya ta tafi da shi.

Mako na uku da na huɗu

Aka sallame mu. Yaya na iya zama in an jingina ta, ƙafa ta fara motsi, magana kalma ɗaya ko biyu da ƙyar, hannun dama kuwa sai ɗan motsin babban yatsa. Aka haɗa mu da sashen gashi, wanda suke kira fisiyo, za mu riƙa zuwa sau biyu a mako.

A nan ne maganar Kaduna ta taso. Nasiru ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya ce, "Inna, ke ma girma ya zo miki. Lungun nan mota ba ta shiga. In wani abu ya sake faruwa fa? Na sa an gyara mata ɗaki a gidana, za a ɗauki mai aiki."

Gaskiya ya faɗa, kuma hakkinsa ne. Amma gidansa bene ne a wata unguwa da maƙwabci bai san maƙwabci ba, shi da matarsa duka suna fita aiki tun safe. Yaya kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa yin wata guda a wajen ganuwa ba, in ban da aikin hajji. Ta juya ido gare ni, hawaye na bin gefen da ya karkace, ta ce, "A'a." Ta sake cewa, "A'a."

Muka yi yarjejeniya. Zai bar ta zuwa ƙarshen damina. In hannun ya fara aiki, har tana iya kai abinci bakinta, ta zauna. In bai yi ba, ya zo ya ɗauke ta, kuma ba zan yi gardama ba. Ya ce in riƙa tura masa hoto ta waya yana ganin yadda ake ciki.

Mai gashin, wata mata mai fara'a amma ba ta ɗaga ƙafa, ta tambaye ni aikin da hannun ya fi sabawa da shi. Na ce saƙa. Ta ce, "To a ba shi abin da ya sani. A samo kwarashi mafi kauri da zare mafi kauri. Ko layi ɗaya ta yi a rana, na yarda." Malama Ladi ta je har Sabon Gari ta samo, ta naɗe mariƙin da tsumma don ya cika hannu.

Mako na biyar zuwa na bakwai

Zaman rumfa ya dawo. Mukan fito da Yaya a kujera mu sa ta a tsakiya. Ranar farko kwarashin ya faɗi ya fi a ƙirga. Ta yi gumi, ta cije leɓe, kafin la'asar ta haɗa abin da bai kai tsawon yatsa ba, wani wuri a ɗaure tamau, wani wuri rami. Wannan fa ita ce matar da ake neman shawul ɗinta daga unguwa zuwa unguwa in an yi haihuwa. Na ga Hajiya Mairo ta kau da kai tana share ido da gefen gyale. Bayan irin wannan ƙoƙari barci kan kwashe Yaya, sai in shigar da ita ɗaki in koma madafa, in bar su da kayansu.

Aka fara wani ɗan bargo na rufe gwiwa. A hankali na ga yana tsawo, kuma yana kyau. Layuka a miƙe, gefe daidai. Na ɗauki hoto na tura wa Nasiru. Ya kira yana murna, ya ce, "Inna, ai hannu ya dawo! Tunda haka ne ku rage zuwa gashin nan, wahalar ɗaukarta zuwa titi ta yi yawa. Sau ɗaya ya isa." Muka rage.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bargo na ci gaba, mai bargo na komawa baya. Cokali har yanzu ba ya kaiwa bakinta. Ta daina ƙoƙarin magana. In na miƙa mata kwarashi sai ta riƙe shi kawai ta zuba wa bango ido. Abinci ma ta rage. Na ɗauka gajiya ce, na ƙara mata madara a kunu.

Mako na takwas

Ranar gashi na ɗauki bargon a jaka don in nuna. Mai gashin ta fara da aikinta, ta ba Yaya kofin roba ta ce ta ɗaga, kofi ya karkace. Ta ce ta haɗa babban yatsa da manuni, suka haɗu da ƙyar. Sannan na fito da bargon na shimfiɗa a kan gado. Ta dube shi, ta dubi hannun, ta sake dubansa. Ta ce, "Hajiya, wa ya saƙa wannan?"

Na buɗe baki zan ce ita ce mana, sai Yaya ta miƙa hannun hagu ta ɗora yatsa a kan wani layi. A hankali, kalma na jan kalma, ta ce, "Mairo. Tana... ja da ƙarfi." Ta sauko da yatsan. "Ladi." Ta sake saukowa. "Mairo." Haka ta bi bargon har ƙasa tana kiran sunan mai kowane layi. A can farkonsa ta tsaya a kan wani ɗan wuri mai kumburi, ta ce, "Ni."

Tun da ta kwanta ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Ashe duk ranar da ta yi barci, sai su warware abin da ta yi su sake shi da kyau, su ƙara layi biyu ko uku a kai. Ni da ban san saƙa ba, ban ga komai ba. Ita kuwa tun ranar farko ta gane, don ta san hannun kowace a cikinsu kamar yadda ta san fuskarta. Ta yi shiru saboda tsoron Kaduna, kuma ta daina ƙoƙari saboda ta san duk abin da ta yi ba zai kwana ba.

Mai gashin ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Hannu ba ya koyo da aikin wani hannu. Ku dawo sau biyu a mako. Kuma mummunan nake son gani."

Ranar Talata na jira suka zazzauna, na ajiye bargon a tsakiyar tabarma, na ce, "Ina son in san wa ya fara."

Hajiya Mairo ta ce, "Ni ce. Sai me? So kike yaron nan ya ga wancan abu mai kama da ragar kifi, ya zo ya kwashe ta ya kai bene, ya ajiye ta gaban talabijin da wata yarinya mai danna waya? Asabe ce fa!"

Na ce, "Saboda aikinku an rage mata gashi."

Mairo ta dafe ƙirji. Ba ta san wannan ba.

Malama Ladi ta cire tabarau ta ce, "Rakiya, ba don Nasiru kaɗai ba ne, gara mu faɗi gaskiya. Ranar farko ba wanda ya yi maganar hoto. Na ɗauka ne kawai in gyara mata idon saƙa ɗaya da ya zube, sai na ga na kusa da shi ma ya zube. Hannunmu ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Ita ta koya mana haka." Ta juya ga Yaya ta ce, "Asabe, mun yi miki laifi."

Yaya ta nuna bargon da haɓa ta ce, "Warware."

Hajiya Mairo ta ce, "Duka? Har nawa? Kin san wahalar da..."

"Duka."

Ita Mairon aka ba bakin zaren. Tana ja tana mita, Malama Ladi na naɗewa, har bargo ya koma dunƙule. Da aka gama Mairo ta ce, "To, ai matsalar ba ta ƙare ba. Mace kamar Asabe ba za ta zauna cikinmu tana ganin nata ne ya fi na kowa muni ba. Sai a samo wadda ta fi ta rashin iyawa a zaunar kusa da ita."

Sai na ga duk sun juyo suna kallona.

Na ce ina da aiki a madafa. Mairo ta ce madafar ba za ta gudu ba. Aka sa mini kwarashi a hannu. Na riƙe shi kamar muciya, sai na ji wani sauti daga gefena wanda na yi wata biyu ban ji ba. Yaya ce ke dariya, da rabin baki.

A ranar na kira Nasiru na gaya masa komai, don ba na ajiye irin wannan magana ta kwana. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Inna, da lafiyar mahaifiyata ake wasa? An gama. Ina dawowa daga tafiyar aiki zan zo in ɗauke ta, ki haɗa kayanta." Ban yi gardama ba, haka muka yi da shi.

Makonnin da suka biyo baya

Tafiyar tasa ta ɗan ja. A cikin wannan lokaci aka kafa doka a rumfa: ba mai taɓa saƙar Yaya, ko da ta faɗi ƙasa sai dai a ɗauko a miƙa mata. In ta yi barci, ni ke ɗauke aikin in sa a ƙarƙashin matashinta. Ni kuma aka bar mata ni. Ba wadda ke nuna mini komai sai ita, kuma tunda hannunta ba ya iya nunawa, dole ta faɗa da baki. "Zagayo." "Ba nan ba." "Saki zaren, ba akuya ba ce." Da farko sai ta yi ta laluben kalma, fushi ya kama ta, kalmar ta fito. Mai gashin ta ce duk abin da muke yi mu ci gaba da shi.

Hannun ya motsa, amma a hankali. Cokali ya fara kaiwa baki, rabi a ciki rabi a zane. Sabon bargon ya kai kamar tafin hannu biyu, karkatacce, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Wata Asabar Nasiru ya iso. Ya bar mota a bakin titi, ya yi sallama daga zaure, aka gyara lulluɓi ya shigo. Na riga na haɗa jakar Yaya tun safe na ajiye a ƙofar ɗaki, magunguna a sama. Ya durƙusa ya gaishe da kowa, amma fuskarsa a ɗaure. Ya ɗauki jakar ya kai zaure ya dawo.

Hajiya Mairo ta ce, "Nasiru, ni na yi laifin, ni za ka yi wa fushi. Na goya ka a bayan nan, ka yi mini fitsari ba sau ɗaya ba, ban kai ƙararka ko'ina ba."

Ya ce, "Hajiya, ba maganar wasa ba ce."

Malama Ladi ta ce, "Ba wasa ba ce, ɗana. Zauna ka ga na gaskiyar kafin ku tafi."

Ya zauna a kan turmi. Yaya ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai ta bakin wani. Ta ɗauki kwarashi, ta soka, ya zame. Ta sake, ya zame. Na ga yatsun Hajiya Mairo suna motsi a kan cinyarta, ta danne su da ɗaya hannun. A karo na gaba zaren ya shiga, ta jawo shi. Ido ɗaya. Ta ci gaba a haka har ta kai ƙarshen layi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Sannan ta leƙo nawa aikin ta ce, "Rakiya, kin tsallake. Sake."

Nasiru ya dubi layin da ta gama. Can ya ce, "Inna, har yanzu ba ta iya ciyar da kanta sosai."

Na ce, "Ba ta iya ba. Rabi take yi."

"In kin fita kasuwa wa ke wurinta?"

Mairo ta ce, "Ni, katanga ɗaya ce tsakaninmu." Wata ta ce ranar gashi mijinta ke kawo keke bakin lungu. Malama Ladi ta ce ban da Lahadi da safe, kowace rana a kira ta.

Ya matso gaban mahaifiyarsa ya durƙusa ya ce, "Umma, ɗakin yana da kyau. Akwai asibiti kusa. Ba abin da za ki nema ki rasa."

Yaya ta dube ni ta ce, "Tambaye shi. Can... wa zan yi wa faɗa?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki ɗan karkataccen bargon daga cinyarta yana juya shi a hannu, ya bi ramukan da yatsa. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Sharaɗi biyu. Gashi sau biyu a mako, ba fashi. Kuma kada a sake turo mini hoton saƙa. Bidiyon hannunta nake so, yana aiki."

Hajiya Mairo ta ce, "Har da fuskata a ciki?"

Ya ce, "Ke dai Hajiya, hannunki kada ya fito."

Ya tashi ya nufi zaure. Muka ɗauka tafiya zai yi. Sai ga shi ya dawo da jakar a kafaɗa, ya wuce mu ya shiga ɗakinta, ya ajiye a kan gado, ya fara fito da magungunan yana jera su a inda suke da.

Yau damina ta wuce, wata ma ta zo. Yaya na tafiya da sanda, tana cin tuwonta da kanta, tana alwala da ɗan taimako. Ƙananan yatsu biyu ba su miƙe ba, mai gashin ta ce wataƙila ba za su miƙe ba. Shawul irin na da ya wuce, ta san haka, mu ma mun sani. Magani kuwa a hannuna take karɓa kowace safiya, ina tsaye har ta haɗiye.

Wanda ke jinya irin wannan, ya taimaki majinyacinsa a kan abin da ba ya iyawa, abin da yake fama ya iya kuma a bar masa, komai muninsa. Kuma in yana da mutanen da yake zama da su, ko da kai kana ganin zaman surutu ne, kada ka raba shi da su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Ya saka wa likitan nan da mai gashi. Ya saka wa matan rumfarmu, waɗanda suka yi mana kuskure saboda ƙauna, aka ce su warware suka warware, kuma ranar Talata suka dawo.